Dillalin da Ya Kushe Dogon Utai

Duk wanda ya taɓa shiga Kara ta Wudil ranar Juma'a ya ga Magaji, ko da bai san sunansa ba. Shi ne gajeren nan mai hula a karkace, riƙe da sandar da ta fi shi tsawo, yana ratsawa tsakanin ƙahonni kamar yadda ruwan kogi ke ratsa ƙafafun gada. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana dillancin shanu. A hannun mahaifinsa ya koya, kuma abu na farko da tsohon ya koya masa shi ne kada ya bari idonsa ya nuna abin da ransa ke so.

Magaji maƙwabcina ne a Sabon Gari, katanga ɗaya ta raba mu, don haka na san harsunansa guda biyu. Idan mai saye ne ya ɗauke shi, zai je gaban san da ya fi burge shi a duk kasuwar, ya yamutsa fuska, ya ɗaga leɓen san ya duba haƙora, ya yi tsaki, ya ce tozon ya kwanta, kofato ya buɗe, wannan ko Zariya ba zai kai a tsaye ba balle Legas. Daga nan sai ya juya ya kama tafiya a hankali, yana ƙirga taku a zuciyarsa. Kafin taku na bakwai mai sa zai kira shi. Idan kuwa mai sayarwa ne ya ɗauke shi, to ranar za ka sha waƙa. Zai dafa san, ya faro daga ƙaho ya gangara har wutsiya, har mai san da kansa ya fara tunanin ko ya fasa sayarwa.

Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba: yabon abin da shi kansa yake so. Matarsa Rahinatu ta ce ko lokacin da yake neman aurenta, abin da ya faɗa wa ƙawarta shi ne, yarinyar dai ba laifi, sai dai tafiyarta akwai nawa.

Ƙwallon kwando kuwa rago ne ya kai shi gare ta. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, saura 'yan kwanaki babbar sallah, ya ja ragon layya zai kai wa wani malami a jami'a. Hanya ta bi da shi ta gefen wani fili na siminti, inda wasu dogayen samari ke tashi sama kamar an kori zalɓe daga bakin ruwa. Ya tsaya. Ya ga ɗaya daga cikinsu ya miƙe, ya daɗe a iska kamar ya manta hanyar saukowa, sannan ya ajiye ƙwallo a raga a hankali, yadda ake ajiye ƙwai. Magaji bai farga ba sai da ragon ya cinye masa gefen riga.

Ya dawo gida da rigar a yage yana dariya shi kaɗai. Cikin wata biyu ya sa maƙeri ya lanƙwasa masa ƙarfe, kafinta ya buga masa allo, aka kafa a wani fili a bayan unguwarmu. Ya tattaro samari: 'yan jami'a, masu ɗiban yashi a kogi, da wani mai faci. Ya raɗa musu suna Zalɓen Wudil. Shi kansa bai taɓa jefa ƙwallo ta shiga ba, ko sau ɗaya. Koci, mai horar da su, daban ne. Aikin Magaji shi ne haɗa garke. Haka yake kiran ƙungiyar, garke, kuma 'yan wasan sun daina jin haushi tun da daɗewa.

Gasar da suke bugawa ta garuruwan gabashin Kano ce, kuma takan tsaya da faɗuwar damina, domin rabin 'yan wasan manoma ne, filayen kuma sukan koma tafki. A wannan hutun ake sauya gida. Yarjejeniya ta shekara ɗaya ce, da ta ƙare kowa ya mallaki kansa, ya je inda aka fi kyautata masa. Sai aka yi dace, a daidai wannan lokacin ne manyan ƙungiyoyin Amurka ke cin tasu kasuwar. Da hantsi za ka samu Magaji a kan benci a ƙofar gida, tabarau a kan hanci, waya a tafin hannu, yana bin labarin kamar mai sauraron farashin shanu.

"Malam, zo ka ga abin mamaki!" haka zai ƙwala mini kira. "Sun ba da bajimi ɗaya, sun karɓi maruƙa uku, har da alkawarin ɗan da ba a haifa ba tukuna! Wallahi dillalai ne irina, kwat kawai suka saka."

Daminar bana ce ta zo masa da gardama. Saifuddeen, dogonsu mai tsaron gindin kwando, ya gama jami'a, an tura shi bautar ƙasa can Kudu. Ƙungiyar da ba ta da dogo kuwa gida ce babu rufi. Biyar daga cikin manyan 'yan wasan suka zo suka durƙusa a gaban bencin, suka gaisa da ladabi, sannan suka ce ba za su iya shekara guda suna kallon ƙwallo tana wucewa ta saman kansu ba. Ranar Litinin da azahar ake rufe rajista a Kano. Idan har lokacin bai samo dogo ba, za su sa hannu a ƙungiyar Alhaji Tasi'u, Zalɓen Wudil kuwa shi ke nan ya watse.

Alhaji Tasi'u taubashin Magaji ne, ɗan ƙanwar babansa, mai shagunan waya a bakin titi. Shekara huɗu da suka wuce ya kafa tasa ƙungiyar mai suna Walƙiya, ba don son wasan ba, in ji Magaji, sai don ya samu sabon abin tsokana.

Magaji bai girgiza ba, domin ya san dogonsa tun tuni. Sunansa Nu'uman, manomi ne a Utai, shekararsa ashirin da uku, auta ne a wurin mahaifiyarsa Uwani. Ya yi shekara biyu yana buga wa ƙungiyar wani kamfanin casar shinkafa, kuma a watan jiya kamfanin ya sallami 'yan wasansa duka. Duk tsawon shekara biyun nan Magaji bai taɓa ce masa ko sannu ba, domin a ƙa'idar Kara ba a taya abin da ke hannun wani. Kallo kawai yake yi. Amma bara, a wasan farko bayan ɗaukewar ruwa, ya ga Nu'uman ya cire takalminsa, wanda aka yanke wa baki don yatsu su samu wurin fita, ya taka ƙasa mai laushi a gefen fili. Da kowa ya watse, Magaji ya karya kara ya auna sawun. Sau uku yana zuwa Kano wurin 'yan gwanjo da karan nan a aljihu, ana yi masa dariya, kafin ya samu takalmin da ya yi daidai. Ya sa shi a buhu ya ɗora a kan sif, ya hana kowa taɓawa.

Ranar Talata da safe ya ce in raka shi Utai in zama shaida. Ina jin Rahinatu ta cikin gida tana cewa, "Baban Sakina, ga buhun nan, ka manta."

"In nuna musu takalmi? Ai shi ke nan sun gane ina so. Mayar da shi."

Muka hau babur ɗinsa mai tari. An yi ruwa da asuba, duniya ta yi wanka. Gero ya kai gwiwa, gyaɗa ta shimfiɗa kore har inda ido ya gaji, ƙamshin ƙasa kuma yana bin mu kamar ya san inda za mu. Magaji yana tuƙi yana rera wani abu da ba waƙa ba ba karatu ba.

Uwani ta tarbe mu a soro. Tsohuwa ce siririya mai kaifin ido, ƙamshin man gyaɗa na tashi daga mayafinta, domin ƙuli-ƙuli da mai take yi. Muka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi damina, aka tambayi gajiyar hanya, aka koma kan gida. Ta aika gona a kira Auta.

Sai ƙofar soron ta yi duhu. Nu'uman ya sunkuyo ya shigo da fartanya a kafaɗa, ya durƙusa, kuma a durƙushen ma ya kusa kai Magaji a tsaye. Ni da nake zaune kusa na ga yatsun ƙafar Magaji suna rawa a cikin takalmi don murna. Na ɗaga kai na dubi fuskarsa, sai na ga ta yamutse kamar ya tauna maɗaci.

"Miƙe mu gani," in ji shi.

Nu'uman ya miƙe. Magaji ya kewaya shi sau biyu. Ya ƙwanƙwasa masa ƙwauri da sanda. Ya yi tsaki.

"Tsawo dai akwai shi, Iya, amma tsawon ne kawai. Ƙirji babu. Ƙafa kamar sillen kara. Ji gwiwar hagun nan ma, ƙara take yi. Wannan ai iska mai ƙarfi ta taso sai a can garin Achika za a tsince shi."

Ya ɗaga hannu ya nufi leɓen saurayin. Na kama masa riga na ja.

"To, don mutunci dai," ya ci gaba, "idan ya rasa inda za shi, zan iya rage masa wuri a benci. Mu je, Malam."

Ya juya ya fita. Ina bayansa, ina ganin leɓensa na motsi. Ɗaya, biyu, uku. Muka kai bakwai. Muka kai goma sha biyar. Muka isa gindin darbejiyar da muka ajiye babur. Abin da muka ji kawai shi ne muryar Uwani daga ciki, a natse: "Auta, zo ka ci abinci."

"Kada ka waiwaya, Malam," Magaji ya raɗa mini. "Yanzu za su kira."

Bai tayar da babur ɗin ba, don kada ƙararsa ta hana mu jin kiran. Haka muka tura shi, mu dattawa biyu, har muka fita daga Utai, kunnuwanmu a baya.

Laraba ta wuce babu kira. Alhamis ma haka. Ta kan katanga na ji Rahinatu tana yi masa faɗa.

"Ɗan mutane ka je ka ƙwanƙwasa da sanda a gaban uwarsa?"

"Haka ake yi."

"Haka ake yi wa mai ƙaho! Ni da na haƙura da kai an gaya maka kowa ma haka yake?"

Ranar Juma'a ina Kara wajen wani ɗan'uwana, sai ga Alhaji Tasi'u cikin farar shadda, ya tattare bakin riga yana tsallake kashin shanu, fuskarsa kamar an ba shi sarauta.

"Ina gajeren nan bawana?" ya ɗaga murya. "Magaji! An ce ka je Utai sayen sa ka dawo da igiya!"

"Wa ya bar mai gyaran caja ya shigo cikin manya?"

"Jiya na je, da lemo katan guda. Na ce wa tsohuwa ɗanta tauraro ne. Lahadi za mu ƙarasa. Ka kawo mini sauran yaran naka Litinin, zan ba ka aikin ɗauko ƙwallo idan ta fita."

Magaji ya yi dariya yadda ake yi wa taubashi, amma sandarsa ta nutse a ƙasa.

Tasi'u bai daɗe da tafiya ba sai ga Uwani da kanta, ta kawo man gyaɗa kasuwa, ta biyo ta Kara. Ta tsaya daga gefe ta sa aka kira mata Magaji.

"Malam Magaji, alfarma na zo nema. Tunda ka ce yaron bai yi maka ba, ka ga ba ka da wata buƙata a ciki. Alhajin nan bakinsa da zaƙi, ni kuwa ban san kan wannan ciniki ba. Kuma ka sani, uwa ba ta zama a gaban baƙi ta yabi ɗanta. An ce duk Kara babu mai riƙon amana kamarka. Ka zo ranar Lahadi ka tsaya mana."

Magaji ya gyara riƙon sandarsa. Bai taɓa mayar da mai kaya ba idan ya kawo masa amana. Kuma idan ya ƙi, dole ya faɗi dalili, dalilin kuwa shi ne abin da bakinsa bai iya faɗa ba.

"Allah ya kai mu, Iya," in ji shi.

Ranar Lahadi da hantsi na fito na tarar da buhu ɗaure a bayan babur. Rahinatu ta leƙo ta ce tsaraba ce, kada wanda ya kwance. Magaji ya dubi buhun, ya dubi sama, ya yi kamar bai san siffarsa ba. A kansa na zauna har Utai.

Mun tarar da motar Tasi'u a gindin darbejiya. A cikin soro an shimfiɗa tabarma biyu. Uwani na gefe, Nu'uman na kusa da ƙofa ya naɗe ƙafafunsa kamar tsani da aka ninke. Da Tasi'u ya ji cewa Magaji ne dillalin gidan, sai da ya kwanta don dariya.

"Madalla! Aiki ya zo da sauƙi. Iya, zan ba shi waya sabuwa da riguna biyu. Da na ƙara, amma an ce ƙirji babu, gwiwar hagu kuma tana ƙara. Ba ni na faɗa ba, babban dillali ne."

Magaji ya gyara zaman hularsa. Ya ajiye sanda. Na san wannan ajiye sandar.

"Albarka," in ji shi. "Waya? Tasi'u, ka taɓa ganin yaron nan yana wasa?"

"An ba ni labari."

"To zauna ka ji daga wanda ya gani. Nu'uman, buɗe hannunka. Dubi nan. Fartanya ce ta sassaƙa wannan tafin, ƙwallo idan ta shiga sai da izini take fita. Ƙirjin da kake magana, ba na ado ba ne, na huɗa ne. Na ga ƙato mai nauyin buhu biyu ya doke shi a gindin kwando, ƙaton ne ya zauna. Gwiwa kuwa ƙara kawai take yi, kamar ƙofar gidan mai arziki, shekara biyu ban ga ta sa shi ɗingishi ba."

"To, na ƙara da takalmi."

"Ina za ka samu? Ka san sawunsa? Bar wannan. Bara, wasansu na uku, ana saura minti biyu, ɗan wasanka mai gudun nan ya zo ya yi kamar zai tashi. Duk dogayen gasar nan da sun tashi. Wannan bai motsa ba. Ba ya tashi a yaudarar farko, domin ba ƙwallo yake kallo ba, ƙugun mutum yake kallo. Da yaron naka ya tashi da gaske, sai ya tarar da rufi a kansa. Sau bakwai ya yi haka a ranar. Kai kana mota kana waya."

Tasi'u ya share goshi. "Taki buhu biyu."

"Huɗu, kuma kafin a yi banƙasa. Ban gama ba. Dogaye da yawa marowata ne, idan ƙwallo ta zo hannunsu ta mutu. Wannan kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya riga ya ga wanda ya fi shi wuri, ya miƙa masa. Idan ya ture mutum, shi ke fara ba shi hannu ya tashi. Ranar da aka ci su, kowa ya tafi yana zagin alƙali, shi ya tsaya ya naɗe raga."

Muryarsa ta cika soron. Ya miƙe tsaye bai sani ba. Mutane suka fara taruwa a ƙofa, wata mai tallan gyaɗa ta sauke farantinta. Na sha jin Magaji yana yabon bijimai, amma wancan yabon da gishiri yake zuwa. Wannan babu gishiri ko ƙwaya, abin da ya gani ne kawai, ranar kaza, minti kaza, kamar ya daɗe yana tara ruwa a bayan madatsa yau aka buɗe. Nu'uman ya sunkuyar da kai. Uwani tana kallon tabarma.

Tasi'u ya yarda da taki huɗu. Ya yarda da hutun sati biyu lokacin girbi. Ya yarda da likita idan aka ji ciwo. A ƙarshe, yana haki, ya ce, "Da babur! Sabo a kwali! Ka bar ni haka, azzalumi!"

Mutanen ƙofa suka ɗau shewa. Magaji ya juyo fuskarsa na walƙiya, ya buɗe baki zai yi dariyar nasara, sai na ga dariyar ta tsaya a hanya. A lokacin ya tuna wa ya sayar, kuma wa ya sayar wa.

Ya zauna a hankali. "Iya," in ji shi, "ciniki ya yi kyau. Ban taɓa yin kamarsa ba. A sallama?"

"Ba ni zan yi tsallen ba," in ji Uwani. "Tambayi mai ƙafafun."

Nu'uman ya ɗago. Wannan ne karo na farko da na ji muryarsa sosai, mai kauri ce, a hankali take fita.

"Baba Magaji, tambaya ɗaya gare ni. Maganar ranar Talata ce gaskiya, ko ta yau?"

Magaji ya dubi azara, ya dubi sandarsa, ya dube ni kamar zan cece shi.

"Ta yau."

"To me ya kawo ta Talata?"

"Sana'a ce, ɗana. Abin da nake so shi nake kushewa. Na yi kuskure, na ɗauke ka kamar abin da ba ya ji."

"Ke nan kana so in buga maka?"

Wallahi na ga gumi ya tsattsafo masa a kan hanci. Shekara talatin da ɗaya suka taru suka toshe masa maƙogwaro, sai da ya yi tari ya ture su.

"Shekara biyu ke nan ina so. Amma amana ce a wuyana, dole in gaya maka, tayin Alhaji ya fi duk abin da zan iya. Babur ɗina ɗaya ne, kuma kun ga yadda ya bar garin nan ranar Talata."

"Me za ka ba ni?"

"Ba zan yi tayi a kan tayin wani ba."

Nu'uman ya juya wajen Tasi'u ya russuna. "Alhaji, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara arziki. Amma albarka. Na yi shekara biyu ina wasa, ban san akwai wanda ya lura ba na tashi a yaudarar farko ba. Shi zan buga wa."

Magaji bai jira ya gama ba. Ya fita da gudu, ya kwance buhun, ya dawo ya zazzage shi a tsakiyar tabarma. Takalma biyu suka faɗo, farare da ja, kowanne kamar ƙaramin kwalekwale. Karan awon ma ya faɗo tare da su.

Nu'uman ya goge ƙafa da gefen riga ya zura. Ta shige har dunduniya. Ya motsa yatsunsa a ciki, duka goman, babu wanda ya leƙo waje. Ya miƙe da sauri har kansa ya bugi azara, bai ko sosa ba. Ya sunkuya ya fita, ya yi taku uku, ya tashi. Na rantse ya daɗe a can sama. Ya sauko da reshen darbejiya a hannu, ganye na zubo wa motar Tasi'u. Utai ta ɗauki ihu. Magaji yana tsalle a ƙofar soro, tsallen da bai fi taƙi ɗaya ba, yana cewa, "Kun gani? Kun gani? Ƙirji babu! Wa ya ce ƙirji babu?"

Tasi'u ya fito ya fizge hular Magaji ya cusa a aljihu. "Wannan ce la'adata. Ka sa na yi gumi a shadda a banza, ɗan gajere. Za mu haɗu a fili."

"Ka zo da tsani!"

Da hayaniya ta lafa, Nu'uman ya sa hannu a fom, ni ma na sa a matsayin shaida. Uwani ta kawo mana ƙuli-ƙuli a leda. Tana miƙa wa Magaji ta ce, "Akuya nawa na sayar a Kara, Malam Magaji? Na san tsakin dillali tun kana goye. Tun da ka shigo na ga ƙafarka na rawa. Amma Auta ba akuya ba ne. So nake ya ji da kunnensa."

Litinin tun da safe Magaji ya shiga mota zuwa Kano babu hula, fom ɗin a cikin riga daidai ƙirji. Kafin azahar an buga masa hatimi. Manyan 'yan wasan nan biyar suna cikin takardar, sunan Nu'uman a samansu.

Bayan la'asar na ji shigarsa gida. Ina tsakar gidana ina alwala, katangar kuwa ba ta da tsawo.

"Yaya aka yi?" in ji Rahinatu.

"Ba laifi."

Na ji takunta ta nufi madafa. Sai na ji ya yi gyaran murya, irin wadda ya yi a soron Utai.

"Rahinatu."

"Na'am?"

"Tafiyar nan taki. Ba ta da nawa. Tun ranar da na fara ganinki ban ga mai kyanta ba."

Ludayi ya faɗi ƙasa.

"Baban Sakina," in ji ta, "sayar da ni za ka yi?"